Rumbun Taubashina

A zamanin da muka taso a Kabo, ilimi a zaure ɗaya yake kwana. Kawuna, wan mahaifiyata, shi ne limamin unguwarmu. A kan buzunsa guda ake tambayarsa hukuncin gado, a tambaye shi ko tauraron shuka ya fito, a kawo masa jaririn da shawara ta kama, a kuma nemi ya faɗi asalin waɗanda suka fara haƙa rijiya a Durun. Ban taɓa jin ya ce wannan ba fannina ba ne. In ya sani ya faɗa, in bai sani ba ya ce a dawo bayan la'asar. Yanzu kuwa aikin tafinta ya kai ni jami'o'i da dama, daga Hartum zuwa Bamako har can Indiya, na ga tsarinsu kusan ɗaya ne: dogon gini, ƙofa bayan ƙofa, kowace da allonta, mai nazarin tsirrai bai san sunan mai nazarin tarihi ba alhali bango ɗaya ya raba su. Mutum ɗaya na sani da ya so ya mayar da ilimi zaure guda. Ɗan wannan kawun nawa ne, taubashina, malamin ilimin halittu a jami'a, wanda Allah ya karɓi abinsa a farkon daminar bana. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma gaba ɗaya. Na rubuta wannan ne don na ga an fara mantawa da yadda yake dariya.

Ranar da aka kai shi, ƙofar gidan ta rabu kashi-kashi ba tare da wani ya raba ta ba. Mutanen jami'a sun zo da motoci daga Kano, aka jera musu kujerun roba a ƙarƙashin rumfa, suna magana ƙasa-ƙasa, rabi Hausa rabi Turanci. Wani mai furfura a cikinsu, malamin tarihi, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce, “Alhaji, shi kaɗai yake ƙwanƙwasa min ofis ba don kiran taro ba.” Malaman gari suna kan tabarmi a jikin bangon masallaci, suna cewa Allah ya jiƙan ɗan Malam, Allah ya yafe masa, na kuma lura wasunsu suna danna kalmar yafewar fiye da yadda aka saba. Can gefe manoman Durun da na Mainika sun jingine kekuna da babura, sun ƙi zama. Su ba Dakta suke ce masa ba, Mai-tambaya suke kiransa. Wani tsoho a cikinsu ya ce da ni, “Shi ke nan, an huta da tambaya,” sai ya juya fuska ya goge ido da hannun riga.

Yayansa, wanda ya gaji limanci bayan rasuwar kawu, shi ya yi masa salla. A tsakiyar kabbara ya tsaya, sannan ya ci gaba. Bayan nan bai ƙara cewa komai ba sai amin, yana jan carbi, idonsa a kan ƙasa.

Da yamma aka ce ɗiyar marigayin tana son ganina. Ita ce 'yarsa ta fari, ta karanta fannin noma, tare suke yin aikinsa na tara iri tun tana ɗaliba. Na same ta a soro, ta durƙusa ta gaishe ni, muka yi wa juna gaisuwar rashi. Sannan ta ce, “Baba Alhaji, ruwan shuka ya sauka.”

Na ce na ji ƙamshinsa tun a hanyar Gwarzo.

Ta ce, “Irin Abba yana cikin rumbu. Wasu sun tsufa, in ba a shuka su bana ba, ba za su ƙara fitowa ba. Gonar kuma yanzu a hannun Baffa Liman take, ka kuwa san abin da ya ce.”

Na sani. Liman ya taɓa faɗa a gaban mutane cewa ranar da gonar gandu ta dawo hannunsa ita duka, masara zai zuba mata daga wannan iyaka zuwa waccan.

Ta ce, “Kai kaɗai za ka iya tararsa da maganar. Shi ma taubashinka ne, ba shi da ikon korar ka.”

Na yi mata alkawari zan same shi kafin a tashi daga addu'ar uku, don daga ranar ne ake watsewa kowa ya nufi gonarsa.

Labarin wannan iri ya faro ne daga wani ɗan tallafi. Wata gidauniya ta ƙasar waje ta ce za ta taimaka wa malaman jami'a masu son yin bincike da koyarwa a kan juyin halitta, wato yadda abubuwa masu rai suke sauyawa a hankali daga tsatso zuwa tsatso. Sharaɗinta shi ne kada malamin fanni ɗaya ya yi aikin shi kaɗai, sai ya jawo na wasu fannoni. Tallafin ƙarami ne ƙwarai. Abokan aikinsa suka yi ta masa dariya, wai ko na'ura ɗaya ta kirki ba zai saya ba, gara ya kira taron bita a otal a ci shinkafa a watse. Shi kuwa sai ya zo Kabo ya sa aka yaɓe tsohon rumbun mahaifinsa aka yi masa sabuwar jinka, ya yi jinga da wani direban bas, ya sayo ƙyallaye masu launi iri-iri a kasuwar Gwarzo. Daga nan ya shiga ƙauyuka yana roƙon zangarniya.

Abin da yake nema shi ne tsofaffin irin dawa da gero da ake barin su saboda masara da sabon iri: kaura da farafara, jar dawa, takanda, karan dafi da dukawa ke rina fata da shi, maiwa, da wasu da ba su da suna sai a ƙauye ɗaya. Kowane iri ya ɗaure shi da ƙyallensa ya rataye a rumbu, duk damina ya shuka wasu a gefen gonar gandu, kowane a kunyarsa, ya auna tsawo da lokacin nuna, ya ga wanda wuta-wuta ke kashewa da wanda ke jure mata. Na taɓa ce masa a Indiya na ga inda ake ajiye iri a ɗaki mai sanyi kamar marasa lafiya a asibiti, ma'aikata sanye da fararen riguna. Ya ce, “Can suna da wutar lantarki, bawana. Ni ina da toka da ganyen darbejiya.”

Bawana yake ce min, ni ma bawana nake ce masa. Mun tsufa muna gardamar wane ne bawan wani, ba mu gama ba.

Ranar Asabar bas yake kawo ɗalibai daga Kano. Na halarci zaman sau da yawa in ina gari, a ƙarƙashin ɗorawar da ke bakin gona. Wata rana ya ɗaga zangarniya biyu, ɗaya ƙwayoyinta a fili suna ƙyalli, ɗaya kuma kowace ƙwaya tana rufe ruf a cikin ɓawo mai duhu da ɗan gashi a baki. Wannan ta biyun sunanta mai-lulluɓi. Wata tsohuwa ce a Mainika ta ba shi, ta ce a cikin kayan aurenta mahaifiyarta ta sako mata. Da tsohuwar ta rasu 'ya'yanta suka koma masara, sai ya zama a rumbunsa kaɗai ta rage.

Ya ce da ɗaliban, “Wa ya ɗinka wa wannan lulluɓinta?”

Suka ce, “Allah.”

Ya ce, “Madalla, mun haɗu a nan. To da wace allura?”

Sai ya ce su dubi tsuntsun nan jan-baki in ya sauko gona kamar hadari. Wadda ƙwayarta ke fili ita zai fara ci, wadda ta ɗan ɓuya ta tsira. Da kaka tsohuwa ta shigo gona zaɓen iri, abin da ya tsira shi za ta zaɓa ta rataye. Baɗi haka, baɗin baɗaɗa haka, har uwa ta miƙa wa 'ya, 'ya ta miƙa wa jika, lulluɓin yana ƙara rufewa ba wanda ya lura. Ya ce, “Tsuntsu da tsohuwa aka yi ɗinkin da su. Ni in na kalli zangarniya hannaye nake gani, hannayen mata da ba wanda ya san sunansu, jere har inda ido ba ya kaiwa.” Yakan faɗi irin wannan maganar yana kallon wani wuri can bayan kawunan mutane, kamar matan suna tahowa ta cikin karan dawa.

Shi kansa bai taɓa cin mai-lulluɓi ba. Ba ta taɓa yin yawan da za a daka ba, duk abin da ta bayar iri ne.

Bayan shi sai malamin tarihi ya tashi ya yi bayanin fataken da suka ratsa wannan ƙasa da hatsi a mangalar jakai, da yadda iri ke tafiya da amare da masu gudun yunwa. Wata likita ta yi maganar sauro da ya daina jin maganin feshi, da zazzaɓin da ya daina jin ƙwayar da muka sha muna yara. Har ni ya sa na tsaya a gabansu. Na ce masa ni ba malami ba ne, ya ce, “Bakin nan naka da ya ci tuwon ƙasashe bai kawo mana tsaraba ba, yau zai biya.” Na ba su labarin Hausawan da na tarar a Sudan, jikokin alhazan ƙafa, yadda Hausarsu ta sha Larabci ta sauya kama, har in suka yi magana sai ka ji kamar muryar kakarka daga bayan katanga, ka gane ta amma ba duka ba. Ya yi ta murna, ya ce da ɗaliban, “Kun ji ko? Harshe ma zaɓen iri ake masa.”

Kujera ɗaya ce ba a taɓa zama a kanta ba. Ya so a ce akwai malamin addini a cikinsu, kuma ba kowane ba, yayansa yake so.

Rigimar ta tashi ne wata ranar Salla, muna cin abinci a zaure. Kafin nan wani mai wa'azi ya tsaya a kasuwa ya ce a gidan limamin Kabo akwai mai koya wa 'ya'yan Musulmi cewa kakansu biri ne. Maganar ta zaga gari, wasu iyaye suka janye 'ya'yansu daga makarantar allo ta gidan. Liman ya ajiye cokali ya ce, “Ina so in ji daga bakinka. Me kake koyarwa?”

Taubashi ya ce, “Yaya, ina koyar da cewa halittu suna sauyawa, kuma wanda ya halicce su shi ya halicci yadda za su sauya.”

“Ban tambaye ka dawa ba. Annabi Adamu fa?”

Taubashi ya dube shi. Sannan ya ce, “Wannan a zauren nan na koye shi, a gaban Baba, ban kuma ajiye shi ba. Abin da na gani a ƙashi da jini a wurin aikina, shi ma ba zan ce ban gani ba. Ina ɗauke da su duka biyun, Yaya, suna da nauyi. Shi ya sa nake roƙonka ka zo ka kama min.”

Liman ya ce, “Ni ba zan zauna a gona in zama shaidar abin da ban gane ba.” A nan ne ya yi maganar masara. Ya tashi ya bar abincinsa.

Na so in sassauta zaman, na ce ni dai ban san na kowa ba, amma wannan bawan nawa in ka dubi kunnuwansa za ka yi wa mai wa'azin uzuri. Taubashi ya yi dariya har ya ƙware. Daga cikin gida muka ji muryar babbar yayarsu, wadda duk gidan ke kira Goggo, tana cewa a bar mata ɗanta ya ci abinci. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, har ya yi furfura ba ta daina kiransa ɗanta ba.

Daga wannan Sallar gaisuwa kaɗai ke haɗa 'yan'uwan biyu. Duk da haka ba Juma'ar da ta same shi a Kabo bai bi yayansa salla a sahun gaba ba. Sau ɗaya kuma ɗalibai suka hango Liman tsaye da lema a can iyakar gona yana sauraro. Da aka je gaishe shi ya ce tunkiya ce ta ɓace masa.

Akwai wata ɗaliba da taubashi ya ba ni labarinta. A jarrabawa takan rubuta amsa daidai, ba kuskure, sannan a ƙarƙashin kowace ta ƙara da cewa haka suka ce, Allah ne mafi sani. Wani abokin aikinsa ya ce a rage mata maki, wai raini ne. Taubashi ya ba ta makinta cif. Ya kira ta ofis, ta zo, ya ce, “Kada ki daina. Ni ma ina rubutawa, a zuci ne kawai ba kya gani.” Yanzu ita ma tana koyarwa. Ta zo gaisuwa da goyo a bayanta.

Yana da ɗabi'ar jefa ƙwayar hatsi a baki ya fasa da haƙori kafin ya gaisa da mai gona. Aljihunsa ba ya rabo da tsaba, har uwargidansa takan ce ita ba ta san ko miji ta aura ko buhu ba. Da la'asar yakan tsaya shi kaɗai a tsakiyar gona, hannu a baya, iska tana kaɗa ganyen dawa, ya yi tsit kamar mai jiran a kira sunansa. Na tambaye shi me yake ji, ya ce, “Ba komai. Ina dai son in kasance a wurin in ta yi magana.”

Ganina da shi na ƙarshe a asibiti ne, ciwon ya cinye shi, hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa. Ya ce in buɗe masa taga. Ya ce, “Bawana, ka ga ubangidanka a kwance, ko kunu ba ka dama min ba.” Na ce bawa ba ya aiken ubangidansa. Ya yi murmushi, ya ce in ruwa ya riga shi tashi, a fara da mai-lulluɓi, ita ta fi tsufa.

Ranar uku, bayan an fito sallar asuba gari ya yi haske, na bi Liman zaurensa. Ƙasa tana da laima, ƙamshinta ya cika ko'ina. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Na ce, “Allah gafarta Malam, na zo ne da hular taubashi, ba da ta baƙo ba.”

Ya ce, “Na san za ka zo. 'Yar ce ta turo ka.”

Na ce, “Ita ce. Gefen gona kawai take roƙo, daminar bana. Kai da ba ka iya bambanta kaura da tsintsiya ba, me za ka yi da kunyoyin nan?”

Ya ɗan murmusa, karo na farko tun rasuwar. Sannan ya ce, “Alhaji, kana tsammani ƙinsa nake? Ban taɓa cewa ya bar addini ba. Cewa na yi ya sa mu a bakin mutane. Makarantar nan tun kakanmu take, a hannuna ta fara raguwa. Ga marayunsa, ga nawa iyalin, masara ce ke ciyar da su. In na bar bas ya ci gaba da zuwa, gobe a ce Liman ya gaji ɗan'uwansa har da birin.”

Na buɗe baki zan amsa, sai muka ji lugude daga cikin gida. Ba abin mamaki ba ne a ranar sadaka. Amma a tsakiyar sautin taɓare sai wata murya ta tashi, ba irin kukan makoki ba, ihu ne na wanda ya ga abu yana faɗawa rijiya. Muka miƙe tare.

A tsakar gida ƙofar rumbu tana buɗe. Ƙyallayen nan masu launi suna zube a ƙasa cikin ƙaiƙayi, kaji suna tona su. Matan unguwa sun tsaya da taɓare a hannu. A kan babbar tabarma ga tsaba tsibi guda, fara da ja da rawaya da mai duhu, an sussuke an sheƙe an haɗe su wuri ɗaya. 'Yar marigayin tana durƙushe a gaban tsibin, tana tsintar ƙwaya ɗaya-ɗaya tana warewa a tafin hannu, hawaye yana ɗiga a kansu.

Goggo tana zaune a kan kujerar tsugunno, ta kasa gane abin da ya faru. A gidanmu haka ake yi tun kakanni: sadakar mamaci daga gumin kansa ake fitar da ita, kuma daga abin da ya fi ƙauna. Ta ce, “Ni na sa a kwaso. Ɗana ba shi da abin da ya fi so a duniya kamar rumbun nan. Zan bar a yi masa sadaka da hatsin kasuwa, ina raye?” Ta nuna turmi ta ce waccan mai duhun da ya rataye can sama ita kaɗai, da ita aka fara, tunda ita ya fi ji da ita. Na leƙa turmin. An riga an surfe mai-lulluɓi, an wanke, ɓawonta yana yawo a kan ruwan ƙwarya.

'Yar ta ɗago kai. Na ga maganar ta zo mata har baki, ta dubi tsohuwar, ta haɗiye. Sai ta ce a hankali, “Goggo, iri ne. Ba na ci ba ne.”

Goggo ta ɗora hannu biyu a ka. Ba ta yi kuka ba, ta dai yi ta cewa, “Ɗana, ɗana,” kamar yana ɗakin kusa.

Liman ya tako har bakin tabarmar. Ban taɓa ganinsa ya shigo tsakar gida cikin mata haka ba. Ya ce kada ruwa ya taɓa wannan tsibin. Ya tsugunna, ya cusa hannu cikin tsabar har wuyan hannu, ya ɗebo, ya bar ta tana zuba ta tsakanin yatsunsa. Ya ce, “'Yata, in aka shuka wannan, zai fito?”

Ta ce, “Zai fito, Baffa. Amma a gauraye. Ba za a ƙara sanin wace ce wace ba. Aikin Abba na shekaru a kan rabewar yake.”

Ya ce, “Ba za ki iya ware su ba?”

Ta ce, “Ja da fari zan iya. Amma ja kala nawa ce a nan, daga ƙauye nawa? A zangarniya ake gane su.”

Ya kalli hannunsa. Sannan ya juya wurin Goggo ya ce, “Yaya, sauke hannunki. Niyyarki ta isa inda kika aike ta, ba mai dawo da ita.” Ya miƙe ya ce abin da aka yi niyyar sadaka da shi ya zama sadaka, ba za a mayar rumbu ba. Wanda aka surfe a dafa. Wannan kuwa ba za a ci shi ba, shukawa za a yi, don sadakar da ke tsiro ta fi ta tukunya daɗewa. Ya sa aka ɗauki tabarmar da mutum huɗu aka kai ƙofar gida.

Bayan an shafa addu'a, shi da kansa ya tsaya a kan tsibin da ƙoƙo a hannu, a gaban malaman gari da mutanen jami'a. Ya ce wannan irin ɗan'uwansa ne, duk mai gona ya matso. Manoman Durun da na Mainika suka zo suna tara hula da bakin riga. Wani daga cikin malaman tabarma ya yi gyaran murya, Liman ya dube shi ya ce, “Malam, kai ma kana da gona,” ya zuba masa a hannu. Da ya rage kaɗan sai ya juye a aljihun babbar rigarsa, ya ce wannan na gefen ɗorawa ne, 'yar ɗan'uwansa ta zo ta nuna masa yadda ake tazara.

Da rana aka fito da tuwon. Ɗan kaɗan ne, loma ɗaya-ɗaya aka raba wa na kusa. Launinsa kamar ƙasar da ruwa ya jiƙa, yana da ɗan ɗaci a farko, daga baya wani garɗi ya biyo wanda ban taɓa jin irinsa ba a duk inda na ci dawa, daga bakin kogin Nilu har Indiya. Na riƙe lomar a baki na daɗe ban haɗiye ba. 'Yar ta karɓi tata ta shiga ɗaki da ita.

Allah ya jiƙan taubashina, ya haskaka makwancinsa, ya sauke masa nauyin da ya ɗauka, ya sanar da shi abin da ya yi ta tambaya. Allah ya ba Goggo da uwargidansa da 'ya'yansa haƙuri, ya ƙara wa Liman lafiya.

Yanzu kaka ta yi. Dawar ta fito a gefen gonar gandu da gonaki da yawa tsakanin Kabo da Gwarzo, doguwa da gajera a kunya ɗaya, wata ta nuna wata tana ɗanya, manoma sun fara zaɓen wadda ta yi musu. 'Yar takan bi su ranar Asabar ita kaɗai a motar haya, tana dubawa. Tallafin ya ƙare da mai shi, jami'a ta rufe darasin, bas ya daina zuwa. Na bi Mainika gida-gida, na tambayi masu awo a kasuwannin yankin nan duka, ba wanda yake da ko zangarniya ɗaya ta mai-lulluɓi. Ta ƙare a duniya, mu muka cinye ta.